Ma'anar "mai ruɓewa", kalmar da ta zama lasisin yar da shara

Tun da ƙasashe suka fara kafa dokokin taƙaita leda, kalmar "mai ruɓewa" ta cika rediyo da jawaban 'yan siyasa da jikin kwalayen kaya. Leda mai ruɓewa, kofi mai ruɓewa, cokali da tsinken shan lemo masu ruɓewa. Mai gabatar da shiri zai ce an ƙirƙiro ledar da "ke narkewa da kanta", jami'i zai tsaya gaban 'yan jarida ya ce da zarar an koma irin wannan leda an gama da matsalar shara. Daga can kalmar ta gangaro bakin kowa, har ta kai mutum zai wurgo ɓawon ayaba ta tagar mota, in aka yi masa magana ya ce ai ba shara ba ce, ruɓewa zai yi ya zama taki.

A wurin masana, abu mai ruɓewa shi ne wanda ƙananan halittu, wato bakteriya da dangin funfuna, tare da taimakon tana da ƙwari, ke iya cinyewa su mayar da shi ruwa da iskar kabon dayoksaid da ma'adinan ƙasa da kuma naman jikinsu. Ruɓewa aikin masu rai ne, kuma masu ran nan suna da sharuɗɗansu: danshi, ɗumi, iska, da abincin da ya yi daidai da bukatarsu. Aka rasa ɗaya, aiki ya ja baya ko ya tsaya cik. Saboda haka duk wanda ya ce abu "mai ruɓewa ne" bai faɗi a ina ba, bai faɗi cikin wane tsawon lokaci ba, to rabin magana ya yi. In babu iyakar lokaci, itacen da aka yi rufin ɗaki da shi shekara ɗari ma mai ruɓewa ne.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne yadda ake cuɗanya abubuwa uku a kafafen yaɗa labarai kamar abu guda ne: narkewa, rududdugewa da ruɓewa. Gishiri yana narkewa a ruwa, amma yana nan cikin ruwan, ido ne kawai ya daina ganinsa. Tsohuwar ledar da ta sha rana tana rududdugewa, ka taɓa ta ta marmashe a hannu, amma kowane ɓarɓashi roba ne har yanzu. Ruɓewa ce kaɗai ke canja abu ya daina zama abin da yake. Wannan bambanci ba gardamar malaman harshe ba ce, an yi kasuwanci mai yawa a kansa. Akwai nau'in ledar da ake kira okso: ledar man fetur ce ta yau da kullum, aka zuba mata wasu sinadaran ƙarfe da ke sa ta saurin farfashewa in ta sha rana da iska. Ana sayar da ita da sunan mai ruɓewa. Abin da take yi a zahiri shi ne ta tashi daga leda guda da za a iya tsincewa da hannu, ta koma dubban ɓarɓashi da babu tsintsiyar da za ta tattara su, su shiga ƙasa da ruwa da cikin kifi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tarayyar Turai ta haramta kayan okso a dokar da ta zartar a 2019, haramcin ya fara aiki a watan Yulin 2021.

A shekarar 2019 ɗin dai, Imogen Napper da Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila suka fitar da sakamakon wani gwaji mai sauƙin fahimta. Sun ɗauki ledoji iri-iri, na gama-gari da masu tambarin ruɓewa da masu tambarin zama taki, suka binne wasu a ƙasa, suka nutsar da wasu a teku, suka rataye wasu a fili. Bayan shekara 3, ledojin da aka rubuta wa "mai ruɓewa" da aka tono daga ƙasa da waɗanda aka ciro daga teku suna nan da ƙarfinsu, har aka zuba musu kayan cefane suka ɗauka ba su yage ba. Mai tambarin zama taki ta fi kyau: ta ɓace a teku cikin wata 3, amma a ƙasa an same ta bayan wata 27, duk da ta yi laushin da ba ta iya ɗaukar kaya.

Shi kansa tambarin zama taki yana da sharaɗin da ba a karanta wa mai sauraro. Ma'aunin Turai mai lamba EN 13432 ya ce cikin mako 12 abin ya farfashe ta yadda abin da zai rage a rariya mai ƙofar milimita 2 ba zai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, kuma cikin wata 6 kashi 90 cikin ɗari na kabon da ke jikinsa ya koma iskar kabon dayoksaid. Amma ana yin wannan gwaji ne a yanayin masana'antar taki, a zafin da ya kai kusan digiri 58 a ma'aunin Salshiyos, da danshi da iska da ake lura da su. Robar PLA, wadda ake yi da sitacin masara ko rake ake buga kofuna da cokula da ita, sai ta samu irin wannan zafi take fara sakin jiki. A gefen titi ko a cikin kogi, bambancinta da sauran roba kaɗan ne. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, a ƙa'idojin da ta sabunta a 2012, ta ce kada kamfani ya rubuta wa kayansa kalmar ruɓewa haka kawai sai in yana da hujjar cewa za su ruɓe gaba ɗaya cikin shekara 1 a inda aka saba zubar da su. Jihar Kalifoniya ma hana rubuta kalmar a kan kayan roba ta yi. Wannan ya fi kusa da gaskiya, don kalmar da babu adadi a bayanta ado ce kawai ta talla.

To ɓawon 'ya'yan itace fa, wanda babu wata masana'anta a cikin lamarinsa? Shi kam zai ruɓe, babu musu. Tambayar ita ce yaushe. A cikin tulin taki mai zafi, ɓawon ayaba yana ɓacewa cikin makonni kaɗan. A ƙasa mai laima da inuwa a lokacin ɗumi, ba zai wuce wata ɗaya zuwa biyu ba. A kan kwalta ko dutse ko rairayi inda babu danshi, bushewa yake yi ya ƙandare ya yi baƙi, domin bakteriya ba sa aiki a busasshen wuri. A wuri mai tsananin sanyi ma haka. A dutsen Ben Nevis na Sukotlan, mai tsayin mita 1,345, ƙungiyar John Muir Trust da ke kula da ƙolinsa ta sha kokawa kan ɓawon ayabar da masu hawa ke yarwa, tana cewa a sanyin wurin yakan kai shekara 2 kafin ya ɓace. Ɓawon lemo ya fi taurin kai: yana da kauri, yana da maiƙo mai suna limonin wanda ke korar ƙwari yana kuma danne bakteriya, shi ya sa yake daɗewa yana walƙiya a gefen hanya. Ko a babban juji, inda ake danne shara da motoci iska ba ta shiga, ruɓewa kusan tsayawa take yi. William Rathje na Jami'ar Arizona, wanda ya fara nazarin shara a 1973, ya haƙa irin waɗannan jujaye ya tono jaridun da suka shekara gommai ana iya karanta su. Ɗan abin da ya ruɓe a can kuwa, tunda babu iska, wata iska mai suna mitan (methane) yake fitarwa, wadda ta ninka kabon dayoksaid kusan sau 28 wajen riƙe zafi a sararin samaniya in aka auna a shekara 100.

Tsakanin ranar da aka yar da ɓawo da ranar da ya ɓace ne duk ɓarnar take, kuma masu cewa "ai taki ne" tsallake wannan tsakanin suke yi. Ragowar abinci a gefen titi yana jawo ɓeraye, ɓeraye su jawo mujiya da shaho, mota ta buge su. Dabbar dawa da ta saba da abincin mutane takan daina tsoronsu, ta riƙa bin sansani da motoci, ƙarshenta a harbe ta da sunan ta zama barazana. Ƙwallo da iri suna tsirowa inda ba muhallinsu ba. A cikin gari, ƙuda ya yi ƙwai a kai, ruwan sama ya kwashe shi zuwa magudana ya haɗu da yashi da leda su toshe ta. In ya faɗa tafki, bakteriyar da ke cinsa suna shan iskar oksijin da ke cikin ruwan, wadda kifi ke numfashi da ita. Sannan akwai halin ɗan Adam, wanda gwaje-gwajen masu nazarin halayya suka sha tabbatarwa: mutane sun fi yar da shara a inda suka tarar da shara. Mai zuwa a baya ba ya tsayawa tantance mai ruɓewa da mara ruɓewa, ƙazanta ya gani, ya ƙara tasa kwalbar. Dokar Ingila ta 1990 kan kare muhalli ma ba ta ware ragowar abinci daga shara ba.

Masu kare ɗabi'ar yar da ɓawo suna da labari guda da suke so, kuma labarin gaskiya ne. A ƙarshen shekarun 1990, masana muhalli biyu, Daniel Janzen da Winnie Hallwachs, suka shirya yarjejeniya tsakanin yankin kare daji na Guanacaste a ƙasar Kosta Rika da wani kamfanin matse lemo. Aka jibge tan 12,000 na ɓawo da tuƙar lemo a kan wani fili mai faɗin hekta 3, tsohuwar makiyaya da ta mutu murus. Wani kamfani abokin hamayya ya kai ƙara, kotun ƙoli ta dakatar da aikin, aka manta da wurin. Bayan kusan shekara 16 masu bincike daga Jami'ar Princeton suka koma, suka tarar da kurmi ya rufe filin, har allon da aka kafa don gane wurin sai da suka sha wahala kafin su gano shi cikin sarƙaƙiya. Rahotonsu na 2017 ya ce nauyin itatuwa da tsirrai a wurin ya ɗara na filin da ke maƙwabtaka da kashi 176 cikin ɗari. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma a duba yadda aka yi: masana ne suka zaɓi filin, ƙasa ce mai ɗumi da ke samun damina, an tara abin ne da kauri a wuri guda har ya danne ciyawar da ta hana itatuwa fitowa, kuma kafin ya koma baƙar ƙasa sai da ya bi ta matakin caɓi mai wari cike da tsutsa, a inda babu mai wucewa. Wannan labarin takin da aka tsara ne. Babu abin da ya haɗa shi da ɓawo guda a kan kwalta, sai dai sunan ɗan itacen.

Wanda yake son ɓawo ya zama taki da gaske, hanyar a bayyane take. A haɗa ɗanyen abu, kamar ɓawo da ragowar ganye, da busasshe, kamar ganyen da ya zubo da kara da yagaggen kwali, wajen kashi ɗaya na ɗanye ga kashi biyu ko uku na busasshe, don a kusanci ma'aunin da ake nema na kabon (wanda ya fi yawa a busasshe) 25 zuwa 30 ga naitirojin (wanda ya fi yawa a ɗanye) 1. Tulin ya kai aƙalla mita 1 tsawo da faɗi da tsayi, in ya gaza haka ba ya riƙe zafi. Danshi ya kasance tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari: ka damƙi abin a hannu, ya jiƙa tafi amma kada ruwa ya tsiyaya. Cikin 'yan kwanaki cikinsa zai kai digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. A riƙa juyawa duk mako don iska ta shiga. In ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa iska ta yi kaɗan, a ƙara busasshe a juya. In warin fitsari yake yi, ɗanye ne ya rinjayi busasshe. In ya ƙi yin zafi, ko ya bushe ne ko ya yi ƙanƙanta. Nama da mai da ƙashi ba sa shiga tulin gida, ɓera suke kira. Wanda ba shi da wurin tuli amma yana da ɗan lambu, ya haƙa rami mai zurfin santimita 20 zuwa 30 ya binne ya rufe, a filinsa, ba a filin jama'a ba.

Akwai kuma abubuwan da ake yi wa kallon masu ruɓewa alhali ba su ba ne. Audugar gindin sigari ba auduga ba ce, roba ce mai suna selulos asitet, tana shekaru kafin ta farfashe, ɗauke da nikotin da sauran guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana yar da gindin sigari kusan tiriliyan 4.5 duk shekara. Yawancin cingam da roba ake haɗa shi. Jiƙaƙƙen tishun goge jiki sau da yawa akwai zaren roba a cikinsa, wasu jakunkunan ganyen shayi ma da roba ake liƙe bakinsu. Har ɓawon da ake taƙama da shi, in daga kanti ya fito, yakan zo da ɗan tambarin leda manne a jiki, wanda zai rage a wurin bayan ɓawon ya tafi.

Masu tsara ƙa'idojin yawon daji da hawan dutse sun daɗe da rufe wannan gardama: duk abin da mutum ya shiga da shi ya fita da shi, har ɓawo da ƙwallo da tishu. Bahaya kaɗai ake binnewa, a rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da ruwa da hanya da wajen mita 60. Ɓawon kuwa a sa shi a ƙaramin mazubi mai murfi a jefa a jaka, in an bare shi tun a gida ma an huta da ɗaukarsa.