Shin Yesu Almasihu Ya Taɓa Yin Aure?

An daɗe ana yaɗa cewa Yesu Almasihu, wato Annabi Isa, ya auri Maryamu Magadaliya, ɗaya daga cikin mabiyansa, wai coci ce ta binne maganar. Linjilar Matiyu, Markus, Luka da Yohanna babu wadda ta ce yana da mata, alhali uku cikinsu har surukar almajirinsa Bitrus sun ambata.

A 2012 Farfesa Karen King ta Jami'ar Harvard ta fito da wani guntun rubutu a harshen Kibɗawan Masar, inda aka nuna Yesu yana cewa "matata". Nan take duniya ta ɗauka, kuma abin takaici har yau ana kafa hujja da shi. Masana sun gano an kwafo kalmominsa ne daga Linjilar Toma, wani tsohon littafi da ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, har da kuskuren wani bugu na intanet. A 2016 ita kanta ta amince alamu sun nuna jabu ne.