Raba Linux a filashi: inda doka ta yarda da inda ta hana

Kwanan nan wata magana ta yaɗu tsakanin masu gyaran kwamfuta a Titin Beirut da Farm Centre a Kano, wai duk wanda ya saka wa mai kwamfuta Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, daga filashinsa ya taka dokar haƙƙin mallaka. Da idona na ga wani yaron shago ya goge Ubuntu, wani nau'in Linux, daga filashinsa saboda tsoro. Wannan tsoro ba shi da tushe, domin lasisin GPL, wanda zuciyar Linux take ƙarƙashinsa tun farkon shekarun 1990, ya ba kowa izinin kwafa da gyarawa da rabawa, har ma da karɓar kuɗi, muddin bai hana wanda ya karɓa irin wannan 'yanci ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne manhajojin kamfanoni da ake ɗorawa a kan Linux. Izinin amfani daban, izinin rabawa daban. Kamfani yana iya barin ka sauke manhajarsa kyauta ka yi aiki da ita, amma ya hana ka haɗa ta cikin faifan da za ka miƙa wa wani. Kyauta a nan na nufin ba ka biya ba ne kawai, manhajar tana nan a hannun mai ita. A 2011 kamfanin Oracle ya janye lasisin da ya ba masu haɗa Linux damar raba manhajarsa ta Java, dole Ubuntu ta cire shi daga rumbunta. Haka ma salon haruffan Microsoft irin su Arial da Times New Roman, ba sa zuwa a cikin faifan Ubuntu. Wata 'yar manhaja ce take sauko da su daga intanet, bayan mai kwamfuta ya amince da sharuɗɗan da kansa.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi, kuma ta shafi mai shago da makaranta da ofis. Mai manhaja yana iya neman diyya a kotu, sannan akwai tara ko ɗauri ga mai kasuwanci da kwafen da ba shi da izini. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai cusa irin waɗannan manhajoji a faifai yana sayarwa, ko mai saka Windows da aka fasa wa makulli.

A ganina tsarin yana da nauyi a kan talaka. Wanda ya tsara cewa kowa ya sauke da kansa bai yi la'akari da tsadar data a nan ba, balle ɗalibin da Wi-Fi ɗin kwamfutarsa ya ƙi tashi saboda direban, wato 'yar manhajar da za ta tashe shi, yana can a intanet ɗin da ya kasa shiga. Masu Debian, wani nau'in Linux, sun daɗe suna jayayya a kan wannan, har suka kaɗa ƙuri'a a 2022, kuma daga Debian 12 ta 2023 faifansu yana zuwa da ƙananan manhajojin tashin na'ura waɗanda kamfanonin suka yarda a raba.