Col du Tourmalet

Col du Tourmalet mashiga ce ta kan duwatsun Pyrénées a kudu maso yammacin Faransa, cikin yankin Hautes-Pyrénées. Ƙololuwarta tana da tsayin mita 2,115 daga matakin teku. Gasar tseren keke ta Tour de France ta bi ta kanta fiye da sau 80, abin da babu wata mashigar dutse da ta samu.

Hanya

Daga gabas ana fara hawan ne a Sainte-Marie-de-Campan, a ratsa La Mongie, tafiyar kilomita 17 da 'yan kai. Daga yamma kuwa a Luz-Saint-Sauveur ake tasowa ta Barèges, kimanin kilomita 19. Ta kowane ɓangare hanyar tana tashi sama da mita 7 a cikin kowace mita 100. Dusar ƙanƙara kan rufe ta a lokacin hunturu.

Shigarta cikin gasa

A 1910 aka fara sa ta a Tour de France. Alphonse Steinès, ma'aikacin jaridar L'Auto mai shirya gasar, shi aka tura ya duba ko keke zai iya bi. Labarin da ya yaɗu shi ne ƙanƙara ta tare motarsa, ya ci gaba da ƙafa cikin dare har ya kusa halaka, amma duk da haka ya aika wa shugaban gasar, Henri Desgrange, saƙon waya cewa hanya lafiya lau. Majiyoyi sun saɓa kan wasu bayanan wannan dare.

A zangon Luchon zuwa Bayonne, mai tsawon kilomita 326, Octave Lapize ne ya fara kaiwa ƙololuwa, wani wurin yana tura kekensa saboda turɓaya da tsakuwa. Shi ya ci gasar wannan shekarar, sannan ya rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917.

Christophe a maƙera

Abin da ya fi fito da sunan mashigar ya faru ne a 1913. Ɗan tsere Eugène Christophe yana gangarowa sai ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaban kekensa ya karye. Dokar lokacin ta hana kowa taimakon ɗan tsere wajen gyara, don haka ya saɓi keken ya taka zuwa Sainte-Marie-de-Campan, nisan da wasu ke cewa kilomita 10, wasu 14. Can ya shiga maƙera ya ƙera ƙarfen da hannunsa, alƙalan gasa suna tsaye a kansa. Da yake hannu biyu ba sa riƙe guduma da ƙarfe su kuma yi zuga, wani yaro ya ja masa zugazugi. A kan wannan kaɗai aka ci shi tarar mintoci, bayan sa'o'in da ya riga ya rasa. Ya ƙare gasar a matsayi na bakwai.

Zamanin yanzu

Yawanci wucewa ake yi ta kanta zuwa wani gari, ba kasafai ake kammala zango a samanta ba. Jean-Pierre Danguillaume ya yi nasara a can a 1974, Andy Schleck a 2010, Thibaut Pinot a 2019. A 2023 Demi Vollering ta ci zangon gasar mata, Jonas Vingegaard kuma ya ci na Vuelta a España, gasar keke ta Spain. Wanda ya fara haye ta a Tour yakan karɓi kyautar Souvenir Jacques Goddet.