Zuciyar ƙarfe ta rile mai ƙirar sanyi

Zuciyar rile ita ce guntuwar sandar ƙarfe da ake naɗa wayar jan ƙarfe a kanta a cikin rile, wato makunnin da wutar lantarki ke kunnawa da kashewa ba da hannun mutum ba. Idan wuta ta bi ta naɗin wayar, sandar takan zama maganaɗisu ta fizgo wani ɗan faifan ƙarfe, shi kuma ya haɗa bakunan da ke ɗauke da babbar wuta. Da an ɗauke wutar, sifirin, wato ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasawa ya dawo, ya mayar da faifan mazauninsa. Ƙarar "ƙas-ƙas" da sitabilaiza ke yi a gidajen Zariya idan wuta ta zo ƙasa-ƙasa, rile ne ke aiki. Haka yake a canjoba mai sarrafa kansa, da inbata, da allon sarrafa injinan masana'antu.

Tushen abin tsoho ne. William Sturgeon na Ingila ya nuna maganaɗisun lantarki a 1825, kuma galibi ana danganta rile na farko da Joseph Henry na Amurka, wajen 1835, kafin wayar tangaraho ta yaɗa shi.

Irin ƙarfen

Ba kowane ƙarfe ke yin wannan aiki ba. Ana neman wanda zai ɗauki maganaɗisu nan take, ya kuma sake shi nan take. Ƙarfe tsantsa mai ƙarancin kabon shi ya fi dacewa, wanda kabon ɗinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai, ƙasa sosai da kashi 1 bisa 100. Irinsa yana iya ɗaukar maganaɗisu har kusan tesla 2.15 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) kafin ya ƙoshi. Ƙarfen rodi ko na ƙusa kuwa yakan riƙe saura bayan an kashe wuta, kuma wannan sauran shi ne babban abokin gabar rile: faifan ya manne, injin da aka kashe ya ci gaba da gudu.

Yadda ake ƙera ta

Maƙerin gargajiya a birnin Zazzau sai ya zuga gawayi ƙarfe ya yi ja kafin ya ɗora shi a uwar maƙera. Ƙirar sanyi ba ta bi ta wuta. Injin ƙirar yakan ja wayar ƙarfe mai kauri daga dami, ya yanke ta daidai tsawo, ya tura guntun cikin wani rami na ƙarfe mai tauri da aka sassaƙa da siffar da ake so, sannan ya danna da ƙarfi har ƙarfen ya cika ramin. Da bugu biyu ko uku kan sandar ya baje kamar na ƙusa, gindin kuma ya tsuke inda za a kafe shi a jikin firam. Ribar a fili take. Gurza a injin juyi yana zubar da ƙarfe mai yawa a matsayin ɓarɓashi, ƙirar sanyi kuwa kusan ba ta asarar komai, tana da sauri, kuma fuskar kan takan fito sumul. Santsin nan ba ado ba ne, domin ɗan giɓin da ya rage tsakanin kan da faifan yana rage ƙarfin fizga sosai.

Sai dai dannawar tana da illa. Tana murɗe tsarin ƙwayoyin ƙarfen, ya yi tauri, ya kuma fara riƙe maganaɗisu, abin da tun farko aka zaɓe shi don gudunsa. Shi ya sa ake gasa sandunan bayan ƙira, a tanderu mai zafin digiri 800 zuwa 850 a ma'aunin Selshiyos, cikin iskar haidurojin ko inda aka zuƙe iska don kada su yi tsatsa, sannan a bar su su huce a hankali. Yawanci ana tsayawa ƙasa da digiri 912, inda tsarin ƙarfen ke sauyawa. Wannan gashin shi ya fi komai raba zuciya mai kyau da ta banza, ga shi kuma ido ba ya gane wadda aka gasa da wadda aka tsallake. Daga nan sai a shafe ta da nikel ko wani rufi mai hana tsatsa, siriri ƙwarai.

Rile mai wutar gida

Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka maganaɗisun kan faɗi zuwa sifili sau 100 a daƙiƙa. Don kada faifan ya riƙa karkarwa, ana tsaga kan sandar a saka zoben jan ƙarfe a ɓangare guda, wanda ke jinkirta maganaɗisun wannan ɓangaren. Idan zoben ya karye, rile ya kama gurnani. Manyan kwantakta kuwa, wato rile masu kunna manyan injina, da siraran faranti ake haɗa zuciyarsu, don ƙarfe dunƙulalle yakan yi zafi da irin wannan wuta.

A Zariya, ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru suna karanta gashin ƙarfe da maganaɗisu a aji, masu gyaran lantarki da 'yan rewaya na Sabon Gari kuma suna haɗuwa da sakamakonsa a kan tebur. Bakunan rile ana iya gogewa, naɗin waya ana iya sakewa, amma zuciyar da ba a gasa da kyau ba sai dai a canja rilen ɗungurungum.