Ma'anar "not": ƙullin igiya da ya zama ma'aunin gudu

In ka ji an ce jirgin ruwa yana gudun not 20, ana nufin kilomita 37 ke nan a awa, domin not ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa. Kalmar ta Turanci ce, a rubuce knot, amma ba a furta harafin farko. Ma'anarta kuwa ƙulli, irin wanda ake yi wa igiya.

To, me ya haɗa ƙulli da gudu?

A zamanin jiragen da iska ke turawa, babu na'urar auna sauri, kuma a tsakiyar teku babu bishiya ko dutsen da za ka kwatanta tafiyarka da shi. Sai matuƙan Turai suka ɓullo da dabara, wadda aka riga aka bayyana a rubuce a Ingila tun 1574. Ana samun ɗan katako a sa masa dalma a gefe ɗaya don ya tsaya a tsaye cikin ruwa, a ɗaura masa doguwar igiya da aka naɗe a jikin wani abu mai kama da kwarkwaron masaƙa. A tsarin da aka daidaita daga baya, duk bayan ƙafa 47 da inci 3 akwai ƙulli a igiyar.

Aikin na mutum uku ne. Wannan ya ɗaga naɗin igiyar sama da hannu biyu, wancan ya riƙe agogon yashi mai ƙarewa cikin sakan 28, na ukun ya jefa katakon ta bayan jirgi. Katako ya tsaya wuri ɗaya, jirgi ya yi gaba, jiƙaƙƙiyar igiya tana zarewa ta tsakanin yatsun na ukun. Da yashin ya ƙare sai a yi tsawa, ya damƙe igiyar. Ƙulli bakwai suka wuce? Jirgi na gudun not bakwai. An zaɓi tazarar ne musamman don kowane ƙulli ya nuna gudun mil ɗaya a awa, wato mil na teku, wanda aka tsayar a kan mita 1,852 a wani taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Monako a 1929.

Kuskuren da nake yawan ji shi ne "not 20 a awa". Awar tana cikin kalmar tun asali, ƙara ta maimaici ne kawai.

Igiyar ta daɗe da komawa gidan tarihi, amma matuƙan jiragen sama da masu hasashen yanayi har yau da not suke auna gudun jirgi da ƙarfin iska.