Askin Shag

Shag salon aski ne da ya yi tashe a Amurka da Ingila a shekarun 1970, maza da mata duk sun yi shi. Ana rage gashin ne hawa-hawa: na tsakar ka gajere, na gefe ya ɗara shi tsawo, na ƙeya kuma a bar shi ya sauka har wuya ko kafaɗa. Na goshi galibi yakan rufo gira.

Ma'anar sunan

Kalmar ta samo asali daga tsohon Turanci, sceacga, wato gashi mai kaushi wanda ya yi buzu-buzu. Da wannan suna Turawa ke kiran darduma mai dogon gashi, da kuma tabar da aka yanka siri-siri. Sunan ya dace da askin ƙwarai, domin ana so ne kan ya yi kamar bai ga mataji ba, alhali sai gwanin almakashi ke iya fitar da shi. A Turancin Ingila kalmar tana da wata ma'ana ta batsa, amma ba ita ake nufi a nan ba.

Tarihi

Galibi ana danganta ƙirƙiro shi ga Paul McGregor, wani mai aski a birnin New York, wajen ƙarshen shekarun 1960. Shi ya yi wa 'yar fim Jane Fonda. Askin yana kanta a hoton da 'yan sandan birnin Cleveland suka ɗauke ta a 1970, ta ɗaga hannu a dunƙule, kuma da shi ta fito a fim ɗin Klute na 1971, wanda ya ba ta kyautar Oscar. Kafin nan matan Amurka da yawa sukan naɗe gashi, su tayar da shi sama, su fesa masa abin da zai sandarar da shi. Shag ya raba su da wannan wahala: a wanke, a yamutsa da yatsu, a fita. Wannan sauƙin, fiye da kyansa, shi ya yaɗa shi.

Mawaƙa ma sun rungume shi, irin su Mick Jagger da Rod Stewart da David Cassidy da Joan Jett. A shekarun 1990 ya sake dawowa da gajeren askin da mai gyaran gashi Sally Hershberger ta yi wa 'yar fim Meg Ryan.

A yau

Wajen 2021 wani dangin shag da ake kira askin kyarkeci, wanda ake dangantawa da Koriya ta Kudu, ya bazu ta TikTok.