Takardar Sallama a Masana'antun Makaman Birtaniya (1915–1917)

Takardar sallama shaida ce da ma'aikacin masana'antar makamai a Birtaniya ya zama dole ya karɓa daga mai masana'anta kafin ya bar aiki, a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ta samo asali daga Dokar Kayan Yaƙi ta watan Yulin 1915, wadda aka kafa bayan ƙarancin harsasan igwa a fagen daga ya jawo wa gwamnati surutu, aka ɗora David Lloyd George a kan sabuwar Ma'aikatar Kayan Yaƙi. Dokar ta haramta yajin aiki, ta kuma kafa kotuna na musamman masu cin tarar ma'aikata.

Sashe na 7 ne ya fi ci wa ma'aikata tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya ajiye aiki ba tare da takardar ba, babu masana'antar makamai da za ta ɗauke shi sai bayan mako shida. Mai masana'anta kuwa yana iya korar mutum duk ranar da ya ga dama. Ƙwararren ma'aikaci na ji ana biyan albashi mai tsoka a masana'antar da ke maƙwabtaka, kuɗin haya a birnin Glasgow na Scotland na ta hauhawa, amma ba halin motsi.

Rikicin ya fito fili a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Fairfield da ke unguwar Govan ta Glasgow a 1915. An kori mutum biyu, abokan aikinsu suka tafi yajin aiki, kotu ta ci tarar 17 daga cikinsu fam 10 kowanne. Uku suka ƙi biya, aka ɗaure su. Ranar Kirsimeti ta wannan shekara Lloyd George ya je Glasgow lallashin ma'aikata, suka yi masa ihu. Jaridar Forward da ta ba da labarin sai gwamnati ta dakatar da ita. A watan Maris na 1916 aka fitar da David Kirkwood, wakilin ma'aikatan masana'antar ƙarfe ta Parkhead da ke Glasgow, daga birnin.

Gyaran da aka yi wa dokar a 1916 ya buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara, amma bai kashe wutar ba. Sai bayan yajin aikin watan Mayun 1917, wanda ma'aikata kimanin 200,000 suka shiga, aka soke takardar a watan Oktoba, lokacin Winston Churchill ne ministan kayan yaƙi.